Ba Duk Mai Farar Riga Ne Likita Ba: Kira Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Babu wani daga cikinmu da zai saro kaya daga Mubi ko Jimeta ya shigo da su Garwa bai san bambancin atamfa ta asali da ta kwaikwayo ba, haka kuma babu mai karɓar canjin naira da sefa bai ƙirga sau biyu ba. Amma abin mamaki, wannan mutumin da ba a iya cutarsa ko da dala ɗaya a bakin rumfa, da zarar zazzaɓi ya kayar da shi ko naƙuda ta kama iyalinsa, sai ya miƙa jikinsa da aljihunsa ga duk wanda ya gani sanye da farar riga, yana ta kiransa dokta. Mai awon jini dokta ne, ɗalibin da ya zo koyon aiki makon jiya dokta ne, kai har mai tallar ƙwayoyi a kan tire a kasuwar Pitowa ranar Lahadi shi ma dokta ne.

Wannan ɗabi'a tana da asali, kuma ban ga laifin kakanninmu ba. A zamanin Faransawa, likitan soja Eugène Jamot da ya yi yaƙi da ciwon barci daga garin Ayos tun shekarun 1920, da 'yan ƙasa ya yi aikinsa, waɗanda ya koya wa duba jini da yin allura. Kamaru ba ta buɗe makarantar horar da likitoci ta kanta ba sai a 1969 a Yawunde, kuma sai a 1975 rukunin farko suka fito. Ke nan shekaru da dama malamin asibiti shi ne iyakar abin da talakan Arewa ya sani, don haka ya ba shi suna mafi girma da ke bakinsa. To amma yau zamani ya sauya. A nan Garwa ma akwai tsangayar koyon aikin likita a ƙarƙashin jami'ar da aka kafa a 2022, akwai makarantar ma'aikatan jinya da ta ungozoma, kowa da takardarsa da iyakar aikinsa. Harshenmu ne kawai ya tsaya inda yake. Ko kalmar Dr ɗin ma ba kullum take nufin mai duba marar lafiya ba: Manaouda Malachie, ɗan jihar Arewa Mai Nisa da aka naɗa ministan lafiya a watan Janairun 2019, ana rubuta Dr a gaban sunansa, alhali shi ƙwararren ma'aikacin mulki ne da ya fito daga makarantar ENAM.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a suna, ai girmamawa ce. Ni a ganina asara biyu wannan rashin bambancewa ke jawo mana. Ta farko, muna raina ma'aikacin jinya na gaskiya da ke kusa da mu saboda mun ji an ce ba shi ne babban likita ba, sai mu ɗauki mota mu ƙona kuɗi da lokaci a kan ciwon da zai iya magancewa cikin awa guda. Ta biyu, wadda ta fi muni, muna amincewa da wanda ko ƙofar makarantar jinya bai taɓa takawa ba, don kawai ya sayi farar riga a gwanjo kuma yana da daɗin baki.

Bari mu fara da haruffan da mai karatu zai fi cin karo da su a wannan ɓangare na iyaka, wato IDE. Da Faransanci Infirmier Diplômé d'État ke nan, ma'ana ma'aikacin jinya mai takardar shaidar gwamnati. A jihohin da ke magana da Ingilishi SRN suke ce masa. Mai wannan takarda ya gama sakandare da Bac ko GCE mai daraja ta sama, ya ci jarrabawar shiga da ma'aikatar lafiya ke shiryawa, sannan ya yi shekara uku yana karatu da aiki a gadon marasa lafiya. Likita kuwa shekara bakwai yake yi. A babban asibiti aikin IDE shi ne kula da marar lafiya dare da rana: ba da magani a kan lokaci, sa ƙarin ruwa, wanke rauni, lura da numfashi da bugun jini, da kiran likita idan al'amari ya canza. Likita yakan zagaya da safe ya duba ka na 'yan mintoci, amma wanda zai gane cewa jikin yaronka ya rikice da ƙarfe biyun dare, nas ne.

A ƙaramin asibitin ƙauye ko na unguwa kuwa, wanda ake rubuta CSI a allonsa, a tsarin hukuma ma'aikacin jinya ne shugaba. Shi zai duba ka, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya rubuta magani daga cikin jerin waɗanda hukuma ta amince masa, ya ɗinke ƙaramin rauni, ya yi wa yara rigakafi. Wannan ba shisshigi ba ne, aikinsa ne da doka ta ba shi. Gaba da CSI sai CMA, inda ake sa ran samun likita aƙalla guda. Gaba da shi sai HD, asibitin gunduma, inda ake tiyata da ƙarin jini, irin na Figil ko Tuboro. Sannan manyan asibitocin Garwa. Nas na ƙwarai ana gane shi ne a wurin da ya tsaya. Idan ya ce maka Alhaji wannan ya fi ƙarfina, ya rubuta takarda ya tura ka gaba, to ya nuna ya san aikinsa, kuma wannan takarda ka riƙe ta kamar rasiɗin kwastan, domin ita za ta gaya wa likitan gaba abin da aka riga aka ba marar lafiya. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai cewa babu ciwon da ya gagare shi.

Sai AS, wato Aide-Soignant, mataimakin ma'aikacin jinya. Mafi yawan waɗanda ke aiki da wannan takarda a yau sun yi karatun shekara guda ne bayan BEPC. Aikinsu na asali shi ne tsaftar marar lafiya, auna zafin jiki da hawan jini, gyara gado, da taimaka wa IDE a ƙarƙashin kulawarsa. Akwai kuma tsofaffin ma'aikata masu takardar IB, Infirmier Breveté, waɗanda matsayinsu ke tsakanin waɗannan biyu. Gaskiyar da kowa ya sani ita ce, a ƙauyuka da yawa na Mayo Rey da Faro da sauran wurare masu nisa, AS ɗin ne kaɗai ke riƙe da asibitin, shi ne mai duba mutane, shi ne mai karɓar haihuwa, domin babu wanda ya fi shi da ya yarda ya zauna a can. Wasunsu shekaru ashirin na aiki sun ba su hannu da idon da sabon IDE ba shi da su. Ban zo in ci musu fuska ba, Allah Ya saka musu. Sai dai ya kamata mai ciwo ya san cewa karatun mutumin da ke gabansa yana da iyaka, don kada ya yi kwana biyar yana karɓar ƙarin ruwa a kan ciwon da ke buƙatar wuƙar tiyata. Af, kada a rikita: AS da ke kan bajon ma'aikaci daban yake da AS da ake rubutawa a takardar gwajin jini kafin aure. Na takardar yana nufin mutum yana ɗauke da irin ciwon sikila duk da shi lafiyarsa lau, kuma idan ya auri mai AS irinsa, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Maganar ungozoma ita ce ta fi damuna, domin a nan muke binne mata. SF, wato Sage-Femme, ita ce ungozomar da ta yi shekara uku tana karatun ciki da haihuwa kaɗai. Namijin da ya yi wannan karatu maïeuticien ake kiransa. Ƙasar nan ta daɗe ba ta horar da su ba, sai a 2011 aka buɗe makarantunsu, har da ta Garwa, saboda yawan mutuwar mata wajen haihuwa. Alƙaluman da hukuma ke bayarwa sun nuna mata 782 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a binciken 2011, adadin ya sauko zuwa 406 a na 2018, amma a wannan binciken na 2018 matan jihar Arewa da suka haihu a hannun ƙwararru ba su kai rabi ba. Tun 2015 aka shigo da takardar nan ta chèque santé a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa, inda da jaka shida mace za ta samu awon ciki, wanda ake rubutawa CPN a katinta, da haihuwa, har da tiyata idan ta kama, da kulawar kwana 42 bayan haihuwa. Jaka shida, jama'a. Wani cikinmu abin da yake ba 'yan dako ke nan kafin azahar.

Duk da haka, idan naƙuda ta yi tsawo sai a aika yaro ya kira wata mata a unguwa da ake ce wa nas, ta zo da jakarta ta yi wa mai naƙuda allurar ƙarin naƙuda. Wannan allura, oksitosin, magani ce mai ceton rai a hannun wadda ta san aikinta, musamman wajen tsayar da jini bayan haihuwa. Amma idan aka yi ta alhali jaririn ya zo a gicciye ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwar, mahaifa takan matsa har ta yage, a rasa ɗa, sau da yawa a rasa uwa a kan hanyar asibiti. Bugu da ƙari, magani ne da ke son sanyi, to ina ingancin wanda ya kwana a jaka cikin zafin Garwa na watan Afrilu? Ungozomar gargajiya ta gidanmu tana da mutuncinta da aikinta na wankan jego da kula da jariri, amma ita ma ba ta da abin auna hawan jini, kuma jijjigar masu ciki ba ta sallama kafin ta shigo.

Sauran masu farar riga zan ambace su a taƙaice. TMS da ATMS su ne galibi ke ɗakin gwajin jini da na hoto. Na farkon shekara uku ya yi, na biyun mataimakinsa ne. Aikinsu fitar da sakamako, fassara shi da rubuta magani na wanda ya duba ka ne. Na faɗi haka ne saboda al'adar da ta shigo mana ta zuwa kai tsaye a ce a yi mini gwajin taifot, a fito da takardar Widal a wuce kemis. Wannan gwaji yakan nuna alama ko ga wanda ba ya ɗauke da ciwon a lokacin, shi ya sa rabin kasuwa ke yawo da taifot ɗin da ba su da shi, suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar gyaɗa. Akwai kuma ma'aikatan jinya da suka ƙara karatu suka ƙware a sa barcin tiyata, ko ciwon ido, ko taɓin hankali. A asibitocin gunduma yawanci irin wannan nas ne ke riƙe da numfashinka yayin da likita ke yanka. Wanda ake kira majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya na ɗaki guda, sama da shi akwai surveillant général mai lura da na asibitin baki ɗaya. Idan an wulaƙanta ka ko an nemi kuɗin da babu rasiɗi, waɗannan ne ƙofofin da za ka buga, maimakon ka tsaya kana zage-zage a baranda. Su kuma ASC, mutanen da ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, shirin da aka fara a jihohinmu biyu a 2016, 'yan unguwa ne da aka ba horo na ɗan lokaci. Suna da amfani ƙwarai, amma allura da ƙarin ruwa ba sa cikin aikinsu.

To, mu da ƙafarmu ɗaya ke Kamaru ɗaya ke Nijeriya, dole mu san haruffan can ma. RN shi ne takwaran IDE, RM kuma ungozoma ce, da yawa suna haɗa biyun. Hukumar NMCN ce ke yi musu rajista. A ƙananan asibitocin ƙauyukan Adamawa da Borno kuwa, wanda za ka fi tararwa shi ne CHEW mai karatun shekara uku a makarantar kiwon lafiya, ko JCHEW mai shekara biyu, ko shugabansu CHO. Su ma'aikatan lafiyar al'umma ne, hukumarsu daban, kuma suna aiki ne da littafin ƙa'ida da ya tsara musu abin da za su taɓa da abin da za su tura gaba. Akwai kuma waɗanda ake kira ogzilari nas, 'yan mata da samarin da suka koyi aiki a hannu a wani asibitin kuɗi. Hukumar jinya ta Nijeriya ba ta san da zamansu ba, ko da an ba su wata takarda mai hatimi da ado. Mai kemis ma lasisinsa na sayar da wasu magunguna ne a cikin kwalinsu, babu allura a ciki. Masu zuwa Lere za su ga ATS a Chadi, masu zuwa Maradi da Damagaram za su ga ASB a Nijar, dukkansu matsayi ne da ke ƙasa da IDE. Abin lura a nan shi ne lasisin aiki ba ya tsallaka iyaka da kansa. Wanda ya ce maka shi nas ne daga Yola ya buɗe ɗaki a Gashiga, ko da gaskiya ya faɗa, sai ya samu izinin hukumar wannan ƙasa kafin ya taɓa kowa.

Yanzu ga inda ɗan kasuwar kan iyaka ke shan wahalar da mutumin Kano ko na Yawunde bai san ta ba: takardun asibiti iri biyu a aljihu guda. An auna maka hawan jini a Garwa an rubuta TA 14/9, bayan mako biyu a Mubi an rubuta BP 140/90, sai hankalinka ya tashi ka ce jini ya ninka sau goma. Abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, kamar mudu da tiya. Na ciwon suga ya fi rikitarwa. A nan ana rubuta shi da giram cikin lita, sai ka ga 1,00. A can wani asibitin zai rubuta 100, wani kuma 5.5, duk jini guda ne kuma lafiyayye. Iyakar da likitoci ke fara zargin ciwon suga ga wanda bai karya ba ita ce 1,26 a lissafin nan, 126 ko 7.0 a lissafin can. Ka ga wanda bai san wannan ba zai iya ninka maganinsa da kansa ya faɗi a rumfa. Idan an ce jini ya yi ƙasa, a nan Hb ake dubawa, a can sun fi son PCV, kuma Hb 10 daidai yake da PCV kusan 30. Gwajin zazzaɓin cizon sauro TDR ko GE ne a nan, RDT ko MP a can. Awon ciki CPN a nan, ANC a can. CS a takardar Nijeriya tiyatar ciro jariri ce, alhali a nan sau da yawa ganin likita kawai ko ƙaramin asibiti ake nufi da shi.

Haka abin yake a takardar magani. Cp ƙwaya ce. Idan ka ga 1-0-1, ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da dare. X3/j pdt 5j na nufin sau uku a rana har kwana biyar. Càc ƙaramin cokali ne mai mililita 5, càs babba ne mai 15, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma ninki uku ne a cikin jariri. A takardar Nijeriya bd sau biyu ne, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, stat yanzu-yanzu sau ɗaya tak. Wanda ya fi yaudarar mutanenmu shi ne 5/7. Mai karatun Faransanci zai ɗauka ranar 5 ga watan Yuli aka ce ya dawo, alhali kwana biyar ake nufi, kamar yadda 2/52 ke nufin mako biyu, 3/12 wata uku. IM da IV kam iri ɗaya ne ko'ina: na farko allurar tsoka, na biyu ta jijiya, kuma akwai magungunan da idan aka sauya musu hanya suna iya kisa. Shawarata ita ce kada ka bar gaban wanda ya rubuta maka takarda sai ka maimaita masa da bakinka, da Hausa ko Fulatanci, yadda za ka sha, ya ce haka ne. Sannan katin asibitin nan, karne, ya riƙa tafiya tare da katin shaidarka a duk fatauci.

Mu dawo kan mai allurar kasuwa, domin a nan kunyar take, kuma namu ne. Mun san su, wasu ma a rumfunanmu suke haya. Ɗan dako ya gaji sai a yi masa allurar ciwon jiki, a haɗa masa da tiramol. Yaro na zazzaɓi sai a tsira masa allura a ɗuwawu ba tare da sanin inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ba, bayan kwana biyu ƙafa ta saki, a ce shan inna ce ko iska. Sirinji guda ya zaga mutum uku, ga ciwon hanta da ya yi katutu a yankinmu. Maganin ma ba a san inda ya fito ba. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan maganin tari na Naturcold bayan mutuwar yara a jihar Arewa Maso Yamma, inda aka samu guba a cikinsa. Doka tana nan tun watan Disamban 1984, wadda ta tsara aikin jinya da ungozoma ta kuma kafa ƙungiyar da ke yi musu rajista, ONPMS, kamar yadda likitoci ke da tasu ONMC. Duk mai buɗe wurin jinya na kansa sai da izinin ma'aikatar lafiya. Tambayar mutum takardarsa ba rashin kunya ba ce. A ce, Malam don Allah kai IDE ne ko AS, a wace makaranta ka gama? Mai takardar gaskiya da fara'a zai amsa, har ya ji daɗi an san darajar wahalarsa. Wanda ya hau faɗa kuwa, ya riga ya ba ka amsa.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce mai allurar kasuwa yana nan kusa, yana jin Hausa, yana ba da bashi, ba ya daka wa mutum tsawa. A asibiti kuwa sai ka yi layi tun safe kasuwa tana ci ba ka nan, a yi maka magana da Faransanci cikin gatse, wani lokacin a ce sai ka sayi safar hannu da auduga kafin a kalle ka. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk ma'aikacin da ke wulaƙanta marar lafiya shi ne babban ɗan tallan mai allurar kasuwa. Amma mu dubi ɗaya gefen. Tun 2006 rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa Kamaru cikin ƙasashe 57 masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru ne a Yawunde da Duwala. Da yawa daga masu farar rigar da ke kwana a kan marasa lafiyarmu ba su da albashin gwamnati. A 2023 ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya sun shiga yajin aiki suna neman a ɗauki ma'aikatan wucin gadi da suka ce sun kai 27,000, kuma a jawabinsa na ƙarshen shekarar 2024 Shugaba Paul Biya ya yi alkawarin ɗaukar 9,944 cikin shekaru biyar. Matar da ta yi shekara uku tana karatu, ta yi wasu shekarun tana aiki ba tabbas, ita kaɗai a ɗaki mai gado talatin, ba na ba ta uzurin zagin kowa, amma na fahimci inda gajiyar ta fito. Araha da sauƙin mai allurar kasuwa kuma, ai mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa araha ba ta ado.

Akwai wani ƙorafin da ni nake ganin laifinmu ne tsantsa. Muna cewa ba ma son namiji ya karɓi haihuwar matanmu, muna cewa ma'aikatan ba sa jin yarenmu kuma ba su san al'adarmu ba. To 'ya'yan wa muke so su yi karatun? Mu ne muke cire yarinya daga makaranta kafin ta kai BEPC, mu zaunar da yaro a rumfa tun yana aji huɗu, sannan mu yi fushi don ungozomar da muka tarar ta fito daga Bafusam. Attajirin da zai iya biya wa mutum biyar kujerar Makka zai iya ɗaukar nauyin 'yan mata biyu na unguwarsu su yi shekara uku a makarantar ungozoma ta Garwa, suna kwana a gidan iyayensu. Sai dai a yi hattara wajen zaɓen makaranta, domin nan ma akwai gwanjo. An shafe shekaru ana jayayya a kan takardun BTS da HND na jinya da wasu makarantun kuɗi ke bayarwa a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi, inda ɗalibai da dama suka gama suka tarar ƙungiyar rajista ba ta karɓe su ba, har sai da ma'aikatun biyu suka zauna a 2024 don daidaita tsarin. Kafin uba ya zuba kuɗinsa, ya taka zuwa ofishin wakilin ma'aikatar lafiya na jiha a nan Garwa ya tambaya ko makarantar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, kuma wace takarda yaron zai fito da ita.

Ga hukumomin lafiya na jihar Arewa kuma, roƙona ba mai tsada ba ne. Kowane ma'aikaci ya rataya bajo mai sunansa da matsayinsa da manyan haruffa, ɗalibai masu koyon aiki su ma a bambanta su a fili. A ƙofar kowane CSI da ke garuruwan kasuwa, irin su Pitowa da Adumri da Gashiga da Mbaimbum, a kafa allo da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, mai bayyana wane ne shugaban wurin, me ake yi a nan, me ake turawa gaba, da farashin kowane aiki. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu su ma suna da abin yi tun kafin hukuma ta motsa: su ne ke raba rumfuna, sun san wanda ke ajiye sirinji a bayan buhunan shinkafa, kuma suna da ikon ce masa ya kawo takardar izininsa ranar kasuwa mai zuwa ko ya mayar da makulli.